Yadda Za Ka Gane Kaskar Ƙasa Mai Sulke a Gona da Makiyaya

Idan ka ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ka baza a kan farar takarda, za ka ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu sheƙi suna tafiya a hankali. Da yawa daga cikinsu dangin Oribatida ne, 'yan uwan kaska da gizo-gizo. Ba sa cizon mutum ko dabba, ba sa shan ruwan shuka. Abincinsu funfuna da matattun ganyaye, kashinsu kuwa taki ne. Wannan darasi ya shafi nau'in da ake kira Scheloribates laevigatus, wanda masani Koch ya bayyana a Jamus a 1835. Ana samun 'yan gidan Scheloribates a ƙasar gonakin Nijeriya.

Siffofin jiki

Tsawon balagagge bai wuce kusan rabin milimita ba. Da madubin hannu mai ƙara girma za ka ga jiki mai siffar ƙwai, launin ƙasa-ƙasa, da ɓawo mai tauri da santsi. Ƙirga ƙafafu: takwas ne, kuma babu gashin shinshina irin na ƙwari a kansa. Sai dai ɗan da ya fito daga ƙwai ƙafa shida gare shi, jikinsa fari da taushi, kada wannan ya ruɗe ka.

Sauran alamomin sai da na'urar duba ƙananan halittu. A kafaɗu akwai ɗan fiffike a kowane gefe, manne da ɓawon, ba ya motsi. A gaban jiki akwai siraran tudu biyu, a gindinsu kuma gashi biyu masu kauri a kai kamar kulki. Gashin baya jeri 10 ne bibbiyu, gajeru ƙwarai, sannan kowace ƙafa tana da farata 3. Fiffiken shi ne abin da ya fi saurin raba gardama: idan babba ne kamar kunnen giwa, yana naɗewa ya rufe ƙafafu, to Galumna ne.

Hanyar tara su

Ɗora rariya a bakin mazurari, ka zuba ƙasar da ka ɗebo daga saman santimita 5, ka rataya ƙwan lantarki a sama, ka ajiye kwalba mai sipirit a ƙasa. Zafi da bushewa za su kora su cikin kwalbar a kwana 5 zuwa 7.

Dalilin sanin su

Manomi kan ɗauke su a matsayin koren ƙwaron rogo ko jan gizo-gizon tumatir, ya kashe kuɗinsa a feshi. Waɗancan suna zama a bayan ganye mai rai, jikinsu taushi ne. Malamin gona ya hana feshin ƙasa saboda kaska mai sulke, domin asara ce ga aljihu da ƙasar.

Makiyayi ne ke da abin lura. A 1937 Horace Stunkard na Amurka ya gano cewa tsilar tumaki, Moniezia, tana girma a cikin irin waɗannan halittu. Sukan ci ƙwan tsila daga kashin dabba, su hau ciyawa idan akwai laima, dabba ta haɗiye su. 'Yan raguna da 'yan awaki sun fi cutuwa. Idan ka ga farare kamar dafaffiyar shinkafa a kashinsu, nemi likitan dabbobi ya ba su maganin tsila, ka kuma jinkirta fitar da ƙanana kiwo har raɓa ta bushe.