BABI NA BAKWAI: BAYANIN FASAHA DA HAUSA (ZAƁEN TAYAR MOTA MAI AIKI DA LANTARKI)

7.0 Gabatarwa

A wannan babi za a ɗauki batu guda na fasahar zamani a warware shi da Hausa, domin malami mai neman sanin makamar aiki ya ga yadda ake yin insha'in bayani a kan abin da ba a saba rubuta shi da harshen ba. Batun shi ne yadda ake zaɓen sabuwar taya idan ta motar lantarki ta ƙare. An zaɓi yankin noman rani na Kura da Bunkure a matsayin fagen misali, saboda wuri ne da zafin rana da nauyin kaya da hanyar burji suka haɗu, kuma waɗannan ukun su ne manyan abokan gābar taya. Ana sa ran bayan nazarin babin ɗalibi zai iya karanta rubutun da ke jikin taya, ya kuma bayyana shi ga wanda bai ji Turanci ba.

7.1 Fagen Misali

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, daga cikinta kuma ake sako ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa su ne manyan amfanin yankin. Duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir ya san yadda ake jibga wa motoci kwanduna. Babban titin Kano zuwa Zariya kwalta ne, amma hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa zuwa cikin gonaki burji ne, mai tsakuwa da ramuka, mai laka da damina.

Motar lantarki kuwa baƙuwa ce har yanzu a wannan yanki, kamar yadda take a yawancin ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2020 ne kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. A 2021 kuma hukumar tsara motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hankalin mutane ya ƙara karkata ga abin hawan da ba ya shan mai. Ita Kona tana cikin jinsin motocin da ke tsakanin ƙaramar mota da jif, wato ta ɗan fi ƙaramar mota tashi daga ƙasa. Da ita za a riƙa ba da misali.

7.2 Abin da Ya Bambanta Motar Lantarki

Abu na farko shi ne nauyi. Batirin motar lantarki shimfiɗe yake a ƙarƙashinta, kuma shi kaɗai yana kai ɗaruruwan kilo. Kona mai babban batir ta fi 'yar'uwarta mai shan fetur nauyi da kilo 300 ko fiye. Ke nan, tun kafin direba ya shiga, kamar an riga an ɗora mata buhu uku ne na shinkafa, kuma ba a sauke su har abada.

Na biyu shi ne yadda take tashi. Injin fetur sai ya ɗan yi gurnani kafin ƙarfinsa ya kai ga taya. Na lantarki kuwa da an taka shi yake ba da ƙarfinsa gaba ɗaya. Haka kuma, idan direba ya ɗaga ƙafa, injin ne ke rage gudun motar yana mayar da wuta cikin batir. A Kona tayoyin gaba ne ke yin waɗannan ayyuka biyu, don haka su ke riga na baya suɗewa.

Na uku, kowace taya tana cin wani kaso na ƙarfin mota yayin da take lanƙwasawa tana miƙewa a kan hanya. Mai motar fetur ba ya damuwa sosai, domin gidan mai bai yi nisa ba. Wanda kuwa wurin cajinsa ke cikin birnin Kano, shi yana tsakiyar gonakin Bunkure, kowace kilomita tana da daraja a wurinsa.

7.3 Karanta Jikin Taya

A nan ne ya kamata ɗalibi ya fi tsayawa. Taya tana ɗauke da bayanin kanta a gefenta, sai dai mafi yawan masu saye lamba ɗaya kawai suka sani, wato ta wili. Tayar da Kona ta zo da ita tana ɗauke da wannan rubutu:

215/55 R17 94V

Lamba ta farko, 215, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 55, tsayin gefenta ne, amma ba da milimita ba: kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 118. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikin robar. Lamba 17 girman wili ne da inci. Lamba 94 ita za mu kira lambar lodi, kuma a jadawalin da masu ƙera taya suka yarda da shi tana nufin kilo 670 a kan taya guda. Harafin V kuwa harafin gudu ne, yana nufin tayar za ta jure har kilomita 240 a awa. Babu mai hankalin da zai yi wannan gudu a hanyar Kura, amma harafin yana da amfani, domin tayar da aka yi don babban gudu an yi ta ne ta jure zafi.

Alal misali, a ɗauka mai mota ya je kasuwa bai sami wannan lamba ba, mai shago ya fito masa da mai rubutun 215/50 R17 91V, ya ce, "Alhaji, ai duk sha bakwai ce." Gaskiya ya faɗa, za ta hau wilin daram. Amma lamba 91 kilo 615 take nufi. An rasa kilo 55 a kowace taya ke nan, kilo 220 a kan huɗun, fiye da buhu biyu, a motar da dama can nauyi ne matsalarta. Bugu da ƙari, gefen wannan taya ya gaza na asali tsayi da kimanin santimita ɗaya, don haka motar za ta ƙara kusantar ƙasa, batirin kuma shi ne a ƙasan. Agogon gudu ma zai riƙa nuna abin da ya ɗara gaskiya da kimanin kashi uku cikin ɗari. Ƙa'idar ita ce: girma ya zama daidai da na asali, lambar lodi da harafin gudu kuma kada su gaza na asali, amma suna iya ɗara shi. Ana samun girman da ya dace a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Tayar da aka rubuta wa XL an ƙarfafa ta don ɗaukar ƙarin nauyi; a wannan girma lambarta takan zama 98, wato kilo 750.

Akwai kuma lambar haihuwa. A ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT ana samun lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Takan bushe ta tsattsage, musamman idan an ajiye ta a rana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin direbobi da su guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Wasu kamfanonin taya sun ba da wa'adin da ya fi haka tsawo, amma a ƙasar da zafi ke kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa, shawarar hukumar ita ta fi kusa da tsira.

7.4 Tayar Gwanjo

Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara ga abin da ake shigowa da shi daga waje. Doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma ga su nan jibge, ana kiransu tokumbo ko Beljiyam. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, a nan kuwa abin ya wuce maganar ado. Wasu daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, ana gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da ƙanƙara a cikinsa. Robarsu mai taushi ce, an yi ta don sanyi, a zafin Kano kuwa nan da nan take cinyewa. Wasu kuma sun riga sun suɗe, aka sake yanka musu zane da ƙarfe mai zafi. A cikin ramukan zanen taya akwai wasu ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

7.5 Wace Za a Saya?

Kamfanoni suna ƙera tayoyi na musamman don motar lantarki, masu sauƙin gangarawa, wasu har da soso a ciki don rage ƙara, tun da babu rurin injin da zai danne ƙarar taya. Ga wanda zirga-zirgarsa ta tsaya a kan kwalta tsakanin Kano da Kura da Zariya, waɗannan sun dace. Ga mai shiga gona kullum kuwa, ra'ayin wannan littafi shi ne ƙarfin gefe da lambar lodi su ne gaba, ko da za a rasa 'yan kilomitoci a kowane caji. Dalili kuwa, da yawa daga cikin motocin lantarki ba su zuwa da safaya, sai 'yar gorar ruwan liƙi da famfo, kuma wannan ruwa ba ya maganin gefen da tsakuwa ta yanka. Soson ma yakan ba mai faci wahala, sai ya yanke shi kafin ya sami wurin liƙi.

Idan hali ya yi, a canza huɗun tare. Idan bai yi ba, a canza biyu iri ɗaya a layi ɗaya. A riƙa musanya na gaba da na baya bayan kowace kilomita 10,000 ko ƙasa da haka. Iska kuwa da safe ake auna ta da geji, kafin mota ta yi tafiya, bisa adadin da ke jikin ƙofa. Dukan taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta gaza ita ta fi ɗaukar zafi, ita kuma ta fi fashewa.

7.6 Jagora ga Malami

Ɗalibi zai lura cewa kalmomin wannan babi gida uku ne. Akwai na aro da suka riga suka zauna, kamar taya da wili da faci da batir da caji da geji da lodi. Akwai na gida da aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar zane da suɗewa da iska da gefe. Akwai kuma waɗanda aka ƙirƙira don darasin, wato lambar lodi da harafin gudu da lambar haihuwa. Kafin malami ya ƙirƙiri kalma, wajibi ne ya fara tambayar masu sana'ar. Mutanen da suka raɗa wa mota suna a-kori-kura ba su rasa hikimar suna ba, kuma idan suna da tasu kalmar, ita ce za ta rayu.

Kalmar taya kanta abin koyarwa ce. A jimlar "Zo ka taya ni taya taya", rubutu ɗaya ne amma ma'ana uku: taimako, da tayin ciniki, da ƙafar mota. A furuci, ta ƙarshen ce kaɗai ke da dogon wasali a gaɓar farko. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna wannan a rubutu, sai muhallin jimla ya raba gardama.

Kayan aikin darasin ba su da tsada. A aro tsohuwar taya daga wurin mai faci, a goga alli a gefenta, rubutun zai fito fes har na bayan aji su gani. A bar yara su karanta da kansu kafin malami ya ce komai. A makarantun Kura da Bunkure da wuya a rasa ɗan direba ko ɗan mai faci a aji, shi ya kamata a fara ba alli.

7.7 Aikin Yi

1. Bayyana ma'anar 215/55 R17 98V XL da Hausa, cikin jimlolin da ba su wuce shida ba.

2. An kawo maka tayoyi biyu, ɗaya mai lamba 0824, ɗaya mai 4117. Yaushe aka ƙera kowacce?

3. Ziyarci mai faci mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi ashirin na sana'arsa, ka ware na aro daga na gida, sannan ka nuna jinsi da jam'in kowacce.

4. Tsara darasin minti 40 don ajin biyu na ƙaramar sakandare a kan karanta jikin taya, tare da nuna matakin da yara za su yi magana fiye da malami.