Minsharin Maigida: Wanzami ko Likitan Haƙori?

Tambaya: Maigidana direban babbar mota ne, yana jigilar masara daga nan zuwa Kaduna. Ana jiyo minsharinsa har daga soro. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, yana cikin yi sai ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, can kuma ya zabura yana haki. Yaron motarsa ya ce yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Mutanen gida sun ce a kira wanzami ya cire masa beli, ƙanena kuma ya ce akwai robar da likitan haƙori ke yi. Wanne za mu kama?
Daga wata uwargida, Birnin Gwari.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika sa ido, domin mai wannan larura shi ne na ƙarshen sanin yana da ita.

Abin da kika kwatanta ya wuce minshari zalla. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki, gindin harshe da ganɗa su koma baya. In hanyar iska ta ƙuntata, naman ya riƙa kaɗawa, ƙarar ita ce minshari. In ta rufe gaba ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye, shi ne tsit ɗin da kike ji, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi ya ja iska. Likitoci suna ƙirga yawan faruwar haka a awa guda: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Da safe ba zai tuna komai ba, sai ciwon kai da bushewar baki da gajiya. In aka bar shi, yana taimaka wa hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Gyangyaɗin nan shi ya fi damuna. Hanyar Kaduna doguwa ce, ta ratsa daji ta Kuriga da Udawa da Buruku, kuma ke kin fi ni sanin cewa ba ko'ina direba ke iya fakawa ya runtsa ba. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci. Ki lallashe shi ya bar tuƙin dare, ya kuma nemi mai karɓarsa har a duba shi.

Batun wanzami kuwa, don Allah a bar shi. Beli ɗan ƙaramin yanki ne na matsalar, toshewar ta fi faruwa a bayan harshe da bangon maƙogwaro, inda aska ba ta kaiwa. Ga haɗarin zubar jini da tetanos da ciwon hanta. Ko da ƙarar ta ragu, numfashin zai ci gaba da ɗaukewa, sai dai ke ki daina ji.

Ƙanenki ya faɗi gaskiya. Harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake liƙe. Ki gwada: ki turo haɓarki gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama, sannan ki yi ƙoƙarin kwaikwayon minshari, za ki ji ya yi wuya. A kan wannan aka gina robar. Likita zai ɗauki awon haƙora, a ƙera roba biyu masu haɗe da juna, ta sama da ta ƙasa, kamar hular da aka ɗinka wa kan mutum ɗaya. Da dare a sa, ta riƙe muƙamuƙin a gaba da 'yan milimitoci, da safe a cire a wanke. Cikin makonni ana ƙara turawa kaɗan-kaɗan har a dace. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka ba da shawarar amfani da ita ga masu minshari da kuma waɗanda suka kasa jure na'urar hura iska, suka kuma fifita wadda likita ya auna a kan ta kanti da ake tsomawa a ruwan zafi a ciza.

Ita waccan na'urar, CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981, ta fi ƙarfin aiki, musamman ga mai tsanani. Amma tana son wuta dare duka, ga tsada. Direban da ke kwana a tasha kuwa aljihu zai jefa robarsa ya tafi. Shi ya sa nake ganin robar ta dace da irin rayuwarku, in dai awon barci ya nuna nasa mai sauƙi ne ko matsakaici.

Tana da sharaɗi. Sai da haƙora masu ƙarfi, kamar takwas zuwa goma a kowane muƙamuƙi, da dasashi lafiyayye. Mai haƙora masu girgiɗi ko ciwon gaɓar muƙamuƙi sai an fara yi masa magani. Kwanakin farko akwai yawan miyau da tsamin muƙamuƙi, bayan shekaru kuma cizo na iya ɗan sauyawa.

Yau da dare ki ɗauki sautin barcinsa a waya na 'yan mintoci. Ku kai wa likita a Babban Asibitin Jibril Maigwari, a auna jininsa da sukari da nauyi, ku nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, a duba hanci da maƙogwaro, a kuma faɗa muku inda ake awon barci. Daga nan ne sai likitan haƙori. Kafin lokacin ya riƙa kwanciya ta gefe, ki tokare bayansa da filo, ya guji taba da maganin barci da tiramol, in akwai teɓa ya rage. Bayan an yi robar a sake awon barci tana bakinsa, domin minshari na iya tsayawa alhali numfashi bai daina ɗaukewa ba. Allah ya ba shi lafiya.