Yadda ake juya aikatau na Sifaniyanci zuwa sigar fata

Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin da masu Sifaniyanci ke kira subjuntivo. In ka ce "ina so ka zo" ko "Allah ya sa a dace", ai abin bai faru ba tukuna, fata ne ko buƙata. Mu wakilin suna muke sauyawa. Su kuwa ƙarshen aikatau suke taɓawa.

Fara da sigar "ni" ta lokacin yanzu. Hablar, yin magana, tana ba da hablo. Comer, cin abinci, como. Vivir, rayuwa, vivo. Cire o ɗin ƙarshe, ya rage habl, com da viv.

Sai ka musanya wasali, nan ne duk dabarar take. Aikatau mai ƙarewa da ar ya ɗauki e: hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Masu er da ir kuma su ɗauki a: coma, comas, coma, comamos, comáis, coman, viva, vivas, viva, vivamos, viváis, vivan. Jerin shi ne ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su. Lura cewa "ni" da "shi" kamarsu ɗaya, don haka wani lokaci sai an ambaci yo ko él a gane wa ake nufi. Habléis da ire-irenta a Sifaniya ake jin su. A Meksiko ko Kolombiya hablen ake ce wa "ku".

Wasu ɗalibai kan yanke ar daga hablar kai tsaye, su ce ai sakamakon ɗaya ne. Kada ka saba da wannan gajeriyar hanya. Ranar da ka iso tener, za ka rubuta tena, alhali daidai shi ne tenga, daga tengo.

Rubutu na da nasa tarko. Buscar ta koma busque, pagar ta koma pague, cruzar kuma cruce, domin c da g suna sauya sauti a gaban e, z kuwa ba a cika rubuta ta a gaban e ba. Kada kuma ka ɗora alama a kan hable: hablé na nufin "na yi magana", aikin da ya riga ya wuce.

Yanzu saka aikatau ɗin cikin jimla, bayan que: quiero que hables, ina so ka yi magana, espero que coman, ina fata su ci. A nan ne Hausa za ta iya yaudarar ka. Muna cewa "ina so in yi magana", amma in mai so shi ne mai yi, Sifaniyanci yana barin aikatau yadda yake a ƙamus: quiero hablar, ba quiero que hable ba.