Wasiƙa Ga Matasa: Kada Ku Ba Da Hayar Ƙarfinku

Ya ku 'ya'yana,

Zan ba ku labarin capoeira, wani wasan ƙasar Brazil, domin akwai abin lura a cikinsa.

Bayin da aka kwaso daga Afirka, galibi daga yankin Angola da Kongo, su suka ƙirƙiro shi. Jama'a kan yi da'ira, ana tafi ana waƙa, ana kaɗa berimbau, wato baka mai tsirkiyar waya da ƙwarya a gindinsa. Sai mutum biyu su shiga fage suna rangaji, wannan ya kai shuri, wancan ya goce da alkafura. Baƙo ya ɗauka rawa ake yi, alhali dabarar faɗa ce.

To, a ƙarni na 19, gwanayen wasan a birnin Rio de Janeiro suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin daba, irin su Nagoas da Guaiamuns. Suna yawo da aska, 'yan siyasa na ɗaukar su haya ranar zaɓe. An soke bauta a 1888, sarauta ta faɗi a 1889, sabuwar gwamnati kuma ta haramta wasan a 1890. Aka yi ta kamun su ana jefawa tsibirin Fernando de Noronha. Ina iyayen gidan nasu? Kowa ya yi ta kansa.

A birnin Salvador na jihar Bahia wasan ya farfaɗo. Mestre Bimba ya buɗe makaranta a 1932, ya ce sai ɗalibi ko mai sana'a zai karɓa, ya kuma gargaɗi almajiransa kan giya da taba. A 1937 hukuma ta ba shi izini. Mestre Pastinha shi ma ya kafa tasa a 1941, yana raya tsohon salon Angola. A 2014 UNESCO ta sanya da'irar capoeira cikin al'adun gado na duniya.

Shurin bai canja ba, 'ya'yana, tarbiyyar masu shi ce ta canja. Don haka duk mai ƙarfi ko wata baiwa a cikinku, ya nemi malami ya durƙusa, ya kuma riƙe sana'a. In wani ya miƙo muku kuɗi don ku tayar da ƙura ranar zaɓe, ku tambaye shi ina nasa 'ya'yan suke.

Allah Ya yi muku albarka.

Naku,
Baba