CIWON DIDDIGE: TAUSA KO MIƘA JIJIYA?

Jama'ar Kamazou, mutane da yawa suna zuwa ɗakin magani da kuka iri ɗaya. Da asuba in sun sauke ƙafa ƙasa, sai su ji kamar sun taka ƙusa. In sun ɗan taka sai ciwon ya lafa, da maraice kuma ya komo. Ya fi kama manoma, da masu dako, da mata masu yini tsaye a kasuwar Sabon Tasha.

Ga dalili. Akwai wata jijiya mai faɗi a tafin ƙafa, ta taso daga diddige har gindin yatsu. Yawan tsayuwa, da ƙiba, da takalmi marar tudu su ke gajiyar da ita. Da dare takan takure, shi ya sa takun farko ya fi zafi.

Hanyoyin da ake bi da hannu uku ne.

1. Miƙa tafin ƙafa. Ka zauna, ka ɗora ƙafar mai ciwo bisa ɗaya gwiwar. Ka kama yatsun, ka jawo su wajen ƙwauri har ka ji tafin ya ɗame. Ka ƙirga goma, ka saki. Ka yi haka sau goma, safe da rana da dare. Na safe kuwa, tun ba ka taka ƙasa ba.

2. Miƙa agara. Ka dafa bango, ka mai da ƙafar mai ciwo baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe. Sa'an nan ka karkata gaba sannu a hankali.

3. Tausa. Wani ya danna wuraren da suka yi tauri a sha-raɓa da babban yatsa, ko kuwa ka riƙa murza kwalba da tafin ƙafa.

To, wacce ta fi? A 2003 likitoci a Amurka sun gwada ta farko da ta biyu a kan mutum 101. Bayan mako 8, masu miƙa tafin ƙafa sun fi samun sauƙin takun safe. A 2011 kuma a Birazil aka gwada mutum 60. Waɗanda aka haɗa musu tausa da miƙa jijiya sun fi waɗanda suka yi miƙawa kaɗai. Watau miƙa tafin ƙafa shi ne tuwo, tausa kuwa miya ce.

Kada ka yarda a yi maka tsaga ko ƙaho a diddige. Babu mugun jini a wurin, kuma ƙasa tana iya shiga miki ta kawo ciwon sarƙewar haƙora. Kada ka yi yawo ba takalmi bisa daɓen siminti.

In ƙafar ta kumbura, ko ta yi zafi, ko ta mutu ba ka jin taɓi, ko kana da ciwon sukari, kada a taushe ta. Maza ka zo ɗakin magani. In ka yi wata biyu ba sauƙi, ka zo a tura ka Asibitin Barau Dikko wurin masu gashin ƙashi.

Yawancin masu wannan ciwo sukan warke, amma sai an yi watanni. Lalle sai da haƙuri. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida.