Gobarar Kasuwa da Haƙƙin Diyya: Darasi Kan Inshorar Dukiya da Haɗari

A watan Yuni na shekarar 2018 gobara ta tashi a babbar kasuwar Azare, hedkwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, ta cinye shaguna da kayayyaki masu ɗimbin yawa. A cikin wannan wata kuma guguwa ta yi ɓarna a garin Bauchi, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je jihar jaje. Bayan irin wannan masifa, abin da ɗan kasuwa ke jira shi ne tallafin gwamnati ko gudummawar ’yan’uwa, kuma duka biyun alheri ne da ba a tilasta wa kowa. Inshora ta bambanta da su, domin diyyarta haƙƙi ce da aka rubuta tun kafin asarar ta auku. Sai dai haƙƙin yana tsayawa ne daidai inda rubutun ya tsaya, don haka ya wajaba ɗan kasuwa ya san ma’anar kalmomin da ke cikin takardar kafin ya sa hannu.

Rassa biyu

Inshorar dukiya ita ce wadda ke biyan mutum asarar abin da ya mallaka, kamar shago, ko buhunan hatsi a sito, ko injin niƙa. Inshorar haɗari kuwa, mafi yawanta ta shafi alhakin da ke hawa kan mutum idan ya jawo wa wani asara, alal misali direban da ya buge mai babur a hanyar Azare zuwa Potiskum. A reshe na farko mai inshorar ne ke karɓar kuɗi, a na biyu kuma wanda aka cuta ake biya.

Takarda, zubi da adadi

Takardar inshora ita ce yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da mai dukiya, galibi ta shekara guda. Kuɗin zubi shi ne abin da mai dukiya ke biya domin kamfani ya ɗauki nauyin asararsa. Tun daga shekarar 2013 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta tsananta dokar cewa wanda bai biya zubi ba, ba shi da kariya. Adadin inshora kuwa shi ne iyakar abin da kamfani zai iya biya, komai girman asarar.

Abin da aka rufe da abin da aka ware

Inshorar gobara ta yau da kullum tana ɗaukar asarar wuta da tsawa da wasu nau’o’in fashewa. Ambaliya da guguwa ba sa cikinta sai an ƙara su da ƙarin zubi. Wannan batu yana da muhimmanci a ƙasar Katagum, inda a daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wanda ruwa ya shiga sitonsa alhali takardarsa ta gobara ce kaɗai, babu abin da zai samu. Haka zalika sata da fasa shago suna da tasu takarda daban.

Ƙa’idoji uku

Ta farko, dole ne mutum ya kasance zai yi asara da gaske idan dukiyar ta salwanta. Mai haya a kasuwa yana iya yi wa hajarsa inshora, amma ba zai yi wa shagon maƙwabcinsa ba.

Ta biyu ita ce faɗin gaskiya ɗungurungum. Wanda ke ajiye jarkokin fetur ko janareta a cikin shago ya kamata ya faɗa tun a takardar neman inshora. Idan ya ɓoye, kamfani na da ikon ƙin biya ranar da wuta ta tashi.

Ta uku ita ce diyya daidai da asara. Manufar inshorar dukiya ita ce mayar da mutum matsayin da yake kafin masifar, ba tare da riba ba. Saboda haka wanda ya yi wa shago ɗaya inshora a kamfani biyu ba zai karɓi ninki biyu ba, kamfanonin raba nauyin za su yi a tsakaninsu.

Tarkon rage ƙima

A nan ne ’yan kasuwa suka fi yin tuntuɓe. A ɗauka mai sayar da atamfa yana da kaya na naira miliyan 10, amma don ya rage zubi sai ya rubuta miliyan 5. Wuta ta ci kayan miliyan 4. Zai yi zaton za a biya shi miliyan 4 cif, tunda bai kai adadin da ya rubuta ba. Amma bisa sharaɗin daidaito da ke cikin yawancin takardun gobara, rabin dukiyarsa kaɗai ya rufe, don haka rabin asarar za a biya, wato miliyan 2. Daga ciki kuma za a cire kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai dukiya, a ce naira 50,000. Da yake farashin kaya na hauhawa, adadin da ya dace bara yana iya gazawa bana.

Inshorar mota

Doka ta wajabta wa mai mota inshorar mutum na uku tun daga dokar 1945. Daga watan Janairun 2023 zubin motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma diyyar dukiyar wanda aka yi wa ɓarna ta kai naira miliyan 3. Wannan takarda ba ta gyara motar mai ita, sai in ya sayi cikakkiyar inshora. Ana iya tantance sahihancinta da lambar mota a rumbun bayanan ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya, domin takardar bogi ba ta biyan kowa.

Takaful

Ga masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas, NAICOM ta fitar da ƙa’idojin takaful a 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. A wannan tsari mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, kamfani na kula da shi bisa lada, ana biyan wanda ya yi asara daga ciki, rarar da ta saura kuma ana iya raba ta tsakaninsu. Ƙa’idojin gaskiya da diyya daidai da asara suna nan daram a cikinsa.

Ranar neman diyya

Idan asara ta auku, a sanar da kamfani ko wakilinsa nan take, cikin wa’adin da takarda ta gindaya. Kamfani zai aiko da mai ƙiyasta asara, shi kuwa hujja yake nema: rasitan sayen kaya, littafin ciniki, da rahoton ’yan kwana-kwana ko na ’yan sanda. Sau da yawa waɗannan takardu a cikin shagon suke, wuta kuma ta haɗa da su. Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya ajiye kwafinsu a gida, ko ya ɗauki hotonsu a waya, ya kuma sake ƙidayar hajarsa duk lokacin da zai sabunta takardarsa.