Yadda ake shuka kabkabe a kan kari

Da damina ta ɗauke za ka ji masu ba da shawara suna cewa a yi maza a zuba kabkabe, wai mai sammako shi ke da rabo. Wannan magana ta ɓata gonaki da yawa a Jazira da gaɓar Nilu. Kabkabe, waken da muke balila da shi a Azumi nan Sudan, amfanin sanyi ne, kuma ribarsa da asararsa duk a ranar shuka suke.

Gyaran ƙasa ba abin daɗewa ba ne. Ka yi huɗa, ka baje, ka ja kunya da tazarar santimita 60, ka guji kwarin da ruwa ke kwanciya. Iri kuwa ni Shendi nake so, Jabal Marra ma ba laifi. Ka gauraya shi da maganin iri kafin ya shiga ƙasa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

To, ga inda aikin yake. Ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa. Kabkabe na fara fure bayan kamar wata ɗaya da rabi, don haka furen zai buɗe a tsakiyar sanyi, ƙwaya ta cika kafin zafi ya dawo.

In ka yi gaggawa ka shuka a Oktoba, ƙasa na da sauran zafi, ciwon yaushi ya samu abin da yake so. Za ka ga tsiro ya langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take. Tuge ɗaya ka tsaga saiwar da farce, cikinta ya yi duhu. Wannan ba ya tashi, ko ka tuttula masa ruwan kogi. A shukar wuri ne kuma aka fi ganin cutar da ke tsumburar da tsiro, ganye ya yi rawaya, wadda ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa.

In kuma ka yi nawa har Disamba ya yi nisa, fure zai ci karo da zafin ƙarshen Fabrairu da Maris. Zafi na haura digiri 35, garin fure ya mutu, fure ya kaɗe. Abin takaicin shi ne gonar tana nan shar daga nesa, sai ka matsa kwanso da yatsa biyu ka ji fus, iska ce kawai. Kada ka dogara da kalanda kaɗai: in lokacin shuka ya yi amma har yanzu kana kwana ba mayafi, ka ƙara kwanaki kafin ka shuka.

Rami zurfin ɗan yatsa, ƙwaya biyu. Ban ruwa kamar bayan mako biyu-biyu, kada ya ji ƙishi lokacin fure, amma kada ruwa ya kwana a kunya, saiwarsa ba ta jure wannan. Yuriya kaɗan ta isa, yawanta ganye take ƙarawa. Da kwanso ya fito ka riƙa duba ƙaramin huji, aikin tsutsa ne, ka yi feshi tun tana ƙarama. Girbi wajen wata huɗu ne, lokacin da ƙwaya ke kacau-kacau cikin kwanso.

Ɗan'uwa, in tsakiyar Disamba ya wuce ba ka shuka ba, ka adana irinka sai baɗi.